Waiwaye: yadda baban fada ya zama bos a finafinan takobi na Sin

Duk wanda ya taɓa zama a silima a Kano ko Kaduna ran da ake haska fim ɗin Chainis zai tuna wani irin bos mai furfura da 'yar siririyar murya, fuska fari fat kamar an shafa alli. Ba ya ɗaga hannu sai ƙarshen fim, in kuwa ya ɗaga, sai jarumai sun yi masa taron dangi kafin ya faɗi. Mu dai faɗan muke kallo. Ba mu san baba ba ne, wato dandaƙaƙƙen bawan fada, balle mu san an taɓa yin sarautarsa da gaske.

A 1420 Sarki Yongle na daular Ming ya kafa hukumar leƙen asiri mai suna Dongchang a Beijing, ya damƙa ta hannun babanni. Shi kansa ƙwace gadon sarauta ya yi daga ɗan ɗan'uwansa, don haka bai yarda da malaman fada ba, ya gwammace bayin da ba su da 'ya'yan da za su yi wa kwaɗayin mulki. Hukumar na kama mutum ta azabtar da shi ba tare da alƙali ya sani ba. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu, don a wancan ƙarnin dai tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa ya fara ba babanni sarauta.

Ɗaya daga labaran da masu fim suka ɗora hannu a kai shi ne na Yu Qian, wani babban jami'in fadar Ming. A 1449 Mongol suka kama sarkin Sin a fagen yaƙi, Yu Qian ya tsare Beijing, aka naɗa ƙanin sarkin. Da tsohon sarki ya dawo kan karaga a 1457, sai aka saka wa Yu Qian da kisa. Daga nan darakta King Hu ya fara labarin fim ɗinsa Dragon Inn, wanda ya yi a Taiwan a 1967: an kori 'ya'yan marigayin zuwa bakin iyaka, baban fada ya tura mutanensa su tare su a wani masauki, wasu masu takobi kuma suka iso don su kare yaran. Kusan duk fim ɗin kallon-kallo ne a ɗakin cin abinci, ana zuba guba a giya, kowa na murmushi hannunsa na kan kube. A ganina wannan zaman ya fi faɗan ƙarshe daɗi. King Hu ya sake komawa fadar Ming a A Touch of Zen, kan 'yar wani jami'i da baba Wei Zhongxian ya hallaka, fim ɗin da ya samu kyauta a bikin finafinai na Cannes a 1975.

Finafinan takobi sun girmi King Hu nesa ba kusa ba. Shanghai ta fara su gadan-gadan a 1928, gwamnatin Kuomintang ta hana su a farkon shekarun 1930 bisa zargin yaɗa camfi, sana'ar ta koma Hong Kong. Can kamfanin Shaw Brothers ya buɗe katafaren sansanin shirya fim a 1961, inda darakta Chang Cheh ya mayar da ramuwar gayya jarinsa. Fim ɗinsa na mai takobi mai hannu ɗaya, shi ma na 1967, shi ne fim ɗin Hong Kong na farko da ya tara dalar Hong Kong miliyan ɗaya a garin.

Abin da na lura da shi bayan na sake kallon su da girma shi ne wanda ake ɗora wa laifi. In labarin na zamanin Ming ne, sarki ba ya ko fitowa sosai, babanni ne ke shan tsinuwa, kamar dai masu fim ɗin sun ji karin maganar nan ta ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ga shi lokacin Taiwan na ƙarƙashin dokar soja, 'yan kallo ba sa bukatar a fassara musu abin da ake nufi da 'yan leƙen asiri. Amma da zarar labari ya shiga zamanin Qing, wanda Manchu suka kafa a Beijing a 1644, sai kara ta ƙare. Su baƙi ne a idon 'yan ƙabilar Han masu rinjaye a Sin, saboda haka a The Flying Guillotine na 1975 Sarki Yongzheng da kansa ne ke aika makasa da wani makami mai kama da malfa, a wurga shi ya sauka a kan mutum ya fille kai. Makamin almara ce ta baka, sarkin kuwa na gaske ne, ya yi mulki daga 1722 zuwa 1735.

Tashen Bruce Lee daga 1971 ya karkata kasuwa zuwa faɗan hannu da labaran zamanin kusa, Shaw Brothers kuma suka rage yin fim a tsakiyar shekarun 1980 suka fuskanci talabijin. Baban dai ya sake ɓullowa a 1992 da Tsui Hark ya ɗauki nauyin sabunta labarin masaukin nan, wannan karon Donnie Yen ne ya sa rigarsa.