Nisan Maraɗi da Jidda a jirgin sama

Tsakanin Maraɗi da Jidda, birnin da maniyyatan Afirka ta Yamma da dama ke sauka kafin su shiga Makka, akwai tazarar kusan kilomita 3,500 idan aka miƙe ta sama. Jirgin fasinja kan ci kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya. Idan aka haɗa da tashi da sauka, tafiyar ba ta kai awa biyar ba.

Wannan lissafin taswira ne. Bamaraɗen da zai tashi daga filin jirgin Diori Hamani da ke Yamai sai ya fara ba gabas baya, ya bi hanyar Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso, kimanin kilomita 660, kusan yini guda a cikin bas. Daga Yamai kuwa nisan ya zama kilomita 4,000, awa biyar da ɗoriya. Wato tsohuwar da aka raka tasha da asuba, da buta da jaka a hannu, takan daɗe kafin ta iso Yamai fiye da yadda za ta daɗe tsakanin Yamai da Saudiyya. Jirgin ma idan ya tashi, ta arewacin garinta yake gittawa.

Miƙaƙƙiyar hanya ta ratsa Chadi da Sudan, sannan ta tsallake Bahar Maliya. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Iskar sama ita ma tana da tasiri: idan tana turo jirgi ta baya ya yi sauri, idan ya fuskance ta ya ja lokaci, shi ya sa zuwa da dawowa ba su cika yin daidai ba.

Agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe 8 na safe ya yi awa biyar a sama, zai tarar ƙarfe 3 na rana a filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Mai nufin Makka kai tsaye yakan ɗaura harami tun kafin jirgi ya kawo daidai miƙati, domin a irin wannan gudu minti ɗaya kusan kilomita 15 ne.

A da, wannan hanya da ƙafa da jaki ake yin ta, ta gefen Tafkin Chadi da Darfur har bakin teku a Suwakin. Ana shafe shekaru, ana tsayawa a yi noma ko ƙwadago a sami guzuri. Da yawa ba su dawo ba, jikokinsu na nan a Sudan suna jin Hausa har yau.