Waiwaye: Yadda manhaja ke yanke hukunci a gasar x86 da ARM

Mai neman laftof a yau gida biyu zai tarar: masu firosesa ta Intel ko AMD, wato tsarin x86, da na Apple da Qualcomm masu tsarin ARM. Tushen rabuwar na komawa ne 1981, lokacin da IBM ta saka Intel 8088 a kwamfutarta ta PC. IBM ba ta yarda ta dogara da kamfani ɗaya ba, don haka AMD ta samu lasisi a 1982. Masu rubuta manhaja suka yi dafifi a kan x86, kuma a ganina wannan tarin manhajoji ne ya tsare wa Intel kasuwa kusan shekara 40, fiye da saurin firosesarta.

Ita kanta Intel ta ɗanɗana kuɗarta. A 2001 ta fitar da Itanium, sabon tsari da tsofaffin manhajoji ke jan ƙafa a kansa. A 2003 AMD ta faɗaɗa x86 zuwa bit 64 ba tare da ta yar da na da ba. Kasuwa ta bi AMD, Intel ma dole ta bi sahu.

ARM kuwa a Kambirij ta Ingila aka haife shi a 1985, kuma ƙarancin cin wuta ya sa ya mamaye wayoyin hannu. Shigarsa laftof ce ta yi wuya. Microsoft ta gwada da Windows RT, wato Windows na tsarin ARM, a 2012, amma manhajojin da mutane suka saba da su ba sa buɗuwa a kai, har ta yi asarar kusan dala miliyan 900 a kan kwamfutarta ta hannu Surface RT.

Apple ce ta ci nasara da firosesarta M1 a Nuwamban 2020. An fi yabon daɗewar batirin, amma abin da ya fi burge ni shi ne Rosetta 2, mai fassara manhajojin Intel su yi aiki a kan ARM, har mai amfani bai cika lura ba. Apple ce ke riƙe da injin da babbar manhajar duka, kuma ta taɓa yin irin wannan ƙaura daga firosesar PowerPC zuwa ta Intel a 2006. Microsoft ba ta da wannan iko. Ko da Qualcomm ta sayi Nuvia, kamfanin zana firosesar ARM, a 2021, ta fitar da Snapdragon X Elite a 2024 tare da mai fassara Prism na Windows, matsala ta rage: direbobin tsofaffin firintoci (manhajojin da ke haɗa su da kwamfuta) da manhajojin hana maguɗi a wasanni ba sa fassaruwa, sai masu su sun sake gina su.

Duk da haka tsofaffin 'yan kasuwar sun ji a jikinsu. Intel ta fitar da firosesar Lunar Lake mai tsimin wuta, ta ba kamfanin TSMC na Taiwan aikin ƙera mafi yawanta. A Oktoban 2024 kuma ita da AMD, kishiyoyin juna tun fil azal, suka kafa kwamitin haɗin gwiwa don daidaita makomar x86.