Makarantar Kayan Gadon Afirka ta Porto-Novo

Makarantar Kayan Gadon Afirka, wadda aka fi sani da EPA, cibiya ce da ke horar da ma'aikatan gidajen tarihi da masu kula da wuraren tarihi. Tana Porto-Novo, babban birnin Jamhuriyar Benin. An kafa ta a 1998 da haɗin gwiwar jami'ar ƙasar da ICCROM, cibiyar duniya mai nazarin adana kayan al'adu da ke birnin Rum na Italiya. Alain Godonou ne shugabanta na farko.

Tushenta shi ne PREMA, shirin ICCROM na horar da ma'aikatan gidajen tarihin Afirka kan kare kaya daga lalacewa. Da farko a Rum ake ba 'yan Afirka horon, a garin da yanayinsa ya bambanta da na ƙasashensu. Dawo da karatun gida shi ne ya dace, domin abokan gabar kayan tarihi a Afirka ta Yamma sanannu ne: gara, danshin damina, ƙurar hunturu da rufin da ke yoyo. Shi ya sa aka fi ba da ƙarfi ga rigakafi. Ɗalibi yana koyon ɗaga kaya daga ƙasa zuwa kan kantar ajiya, da auna danshin ɗakin ajiya, da ba kowane abu lamba a rajista. Garin katako da ya zubo ƙarƙashin mutum-mutumi kan gaya masa cewa ƙwaro ya riga ya shiga ciki. Aiki ne marar armashi ga mai kallo, amma shi ke ceton tsohuwar riga ko ganga kafin a kai ga gyara mai tsada.

A shirin Afirka 2009, wanda ICCROM da UNESCO da CRATerre, cibiyar nazarin ginin ƙasa ta Faransa, suka gudanar daga 1998 zuwa 2009, horon ya fita daga ɗakin ajiya zuwa fili. An koyar da tsara kula da wurin tarihi tare da sarakuna da magina da mazauna wurin, musamman inda ginin ƙasa yake buƙatar yaɓe a kai a kai, irin fadojin sarakunan Abomey a Benin.

EPA tana hidima ne ga ƙasashe masu amfani da Faransanci, ciki har da Nijar da Chadi da Kamaru, da kuma masu Fotugisanci da Sifaniyanci. Takwararta ta ƙasashe masu Ingilishi, CHDA, wato cibiyar bunƙasa kayan gado a Afirka, an kafa ta ne a Mombasa a Kenya.