Waiwaye: Tun yaushe mawaƙi ya daina cin abinci a hannun masoyansa?

A 'yan kwanakin nan, duk majalisar da ka zauna a Gusau sai ka tarar ana muhawara kan mawaƙan da masoya suka juya wa baya saboda kalaman siyasa. Wasu na cewa mawaƙan sun yi butulci, wasu na cewa ra'ayi riga ne. Abin da ke damuna shi ne yadda ake maganar kamar jiya aka fara.

Waƙa da mulki tare suka taso a ƙasar nan. Salihu Jankiɗi makaɗin Sarkin Musulmi ne, Sa'idu Faru na Sarkin Kudu Macciɗo, Musa Ɗanƙwairo kuwa ya yi wa Sardauna waƙa a zamanin da jam'iyyun NPC da NEPU ba sa ga maciji da juna. Kowa ya san ubangidan kowa, kuma ba a fasa sauraro ba. Siyasar 1979 da ta 1999 sun zo da nasu mawaƙan, an sha zambo da habaici, an wuce.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne mutuwar kaset da faifan CD. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, bayan wasu shekaru masu cin memori suka cika hannun jama'a. Da can mawaƙi zai shiga situdiyo, ɗan kasuwa ya sayi aikin ya buga, talaka ya zaro kuɗinsa ya saya. Komai ƙanƙantar abin, akwai guminka a tuwon mawaƙi, shi ma ya san da haka, don haka yana jin nauyinka.

Sai masu tura waƙa suka kafa lema a bakin kasuwa. Har yanzu ina ganin yaron da nake zuwa wurinsa, da kwamfutarsa mai tsagaggen gilashi da ƙaramin janareto a gefe. Zai karɓi memori ya ce, "Baba, waƙoƙin wa kaka so?" Kafin ka gama gaisawa da maƙwabcinsa ya cika maka shi da aikin shekaru, a kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, ko sisi bai isa ga mai waƙar ba. Ni ma na yi, ban taɓa tambayar kaina da me zai biya 'yan amshi ba.

Ƙofa biyu suka rage wa mawaƙi, biki da siyasa. Rashin tsaro ya zo ya rage ta farko, don ƙauyuka da dama sun daina taron dare. Ta biyun kuwa ba irin ta fada ba ce, inda makaɗi ke tsufa a gida ɗaya. Zaɓe na zuwa ne duk shekara huɗu, iyayen gida na sauya sheƙa, mawaƙi na biye.

Daga baya Facebook da TikTok suka buɗe masa baki ba tare da kiɗa ba. Abin da za a yafe a waƙa a ce sana'a ce, ba a yafe shi in an faɗe shi tsurarsa. Mutumin da ya baro gonarsa ya dawo gari gudun hijira, ya ji muryar da ta raka shi daren aurensa tana cewa komai lafiya lau, ba ya neman mai tura waƙa. Da yatsansa yake gogewa.