Wutar rana da kamfanonin waje: ga amsa, a bar kirana da dare

Tambayoyin nan su ne dai kullum, a waya da bakin shago nan Tawa. Kowa ya karanta.

Ga rana har ta yi yawa, me za mu yi da baƙi?

Rana kyauta ce, farantin sola da batir kuwa saye ake. Tashar Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, da bashin Indiya aka gina ta. Ta Gorou Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, kuɗin Faransa ne da Tarayyar Turai.

Madatsar ruwa ta Kandaji ta fara ba da wuta?

A'a. Megawat 130 ɗin nan suna kan takarda tukuna. A daina turo mini bidiyon Facebook.

Wani kamfanin waje yana neman wakili a nan, in shiga?

To Alhaji, nan sai a hankali. Ba zan ce kar ka shiga ba, wasu sun ci riba. Amma fara tambaya: da wane kuɗi za ka biya? In da yuro ne da sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da shi. In da dala ne, farashi na iya tashi kafin kaya su iso. Ta ina za su biyo? Tun da hanyar Kwatano ta toshe a 2023, kaya da yawa ta Lome da Burkina suke zagayowa, mota ta yi makonni tana jiran rakiya. Wa zai ɗauki wannan jinkirin, kai ko su? Ya danganta da abin da kuka rubuta, kuma sau da yawa ba a rubuta komai ba.

Sannan garanti. Batir ɗin da aka gwada a ƙasar sanyi, zafin Afrilu na cinye shi da wuri. Na ga wanda ya kumbura a ɗakin kwano kafin shekara, mai gona yana tsaye kan albasarsa famfo ya ƙi tashi, kamfani kuma ya ce a aiko musu da shi su duba. Da kuɗin wa? In sun yarda su ajiye kayan gyara a nan, su koya wa yaranka aiki, mai yiwuwa na kirki ne. Ko hakan ma, fara da kaɗan.

Ina ruwanmu da rage hayaƙi, mu da ba mu da masana'antu?

Hayaƙinmu kaɗan ne, gaskiya. Amma lissafa gazuwal ɗin da janaretanka ke sha a wata, sai mu yi magana.

Bayan abin da ya faru a 2023, har yanzu za a dogara da layin maƙwabta?

Kwantar da hankalinka. Lokacin da Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023, wajen kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take, shi ya sa muka ji jiki. Maganin shi ne mu samar da tamu, layin kuma ya zauna. Babban layin da zai haɗa Birnin Kebbi, Yamai da Wagadugu, har reshe zuwa Benin, wuta na iya bin sa ta kowane ɓangare, ranar da muka samu rarar sayarwa.

Sau nawa ake wanke faranti?

Lokacin hunturu, duk sati. Da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi.