Shigar da ilimin muhalli cikin koyarwar jami'a

Shigar da ilimin muhalli cikin koyarwar jami'a tsari ne da malamai ke bi su sake fasalin darussan da suka saba koyarwa, ta yadda ɗalibi zai ga alaƙar fanninsa da ruwa da ƙasa da iska da makamashi. Malamin lissafin kuɗi da na adabi da na injiniyanci kowa yana nan a fanninsa, sai dai ya ƙara wa ɗalibansa tambaya guda: sana'ar nan da kuke koyo, me take ci daga jikin duniya, me kuma take bar wa 'yan baya?

Asali

Tun a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da aka yi a Stockholm a 1972 aka yi kiran a sa muhalli a cikin ilimi, sannan taron birnin Tbilisi na 1977, wanda hukumomin Majalisar masu kula da ilimi (UNESCO) da muhalli (UNEP) suka shirya, ya shimfiɗa manufofinsa. A 1987 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway ta jagoranta ya ba da ma'anar ci gaba mai ɗorewa da ake yawan kafa hujja da ita: biyan buƙatun mutanen yau ba tare da tauye wa na gobe damar biyan nasu ba. Jami'o'i kuwa sun ɗaura ɗamara ne a Oktoban 1990, lokacin da shugaban Jami'ar Tufts ta Amurka, Jean Mayer, ya tara shugabannin jami'o'i 22 a garin Talloires na Faransa, suka sa hannu kan ƙudurori goma. Cikinsu akwai tabbatar da cewa duk wanda ya kammala jami'a ya fita da fahimtar muhalli, da horar da malamai don su iya koyar da ita.

Wannan ƙuduri na horar da malamai shi ne ƙashin bayan lamarin. Shugaba yana iya sa hannu a takarda, amma malami ne ke rufe ƙofar aji ya fuskanci ɗalibai.

Yadda ake horar da malamai

Jami'ar Tufts ta kafa cibiyar horar da malamanta a 1990. Salon da ya fi bazuwa dai shi ne na shirin Ponderosa, wanda aka fara a Jami'ar Arewacin Arizona a 1995, da shirin Piedmont da Peggy Barlett da Arri Eisen suka jagoranta a Jami'ar Emory ta Atlanta tun 2001. Akan tara malamai daga sassa daban-daban a yi musu bitar kwana biyu a ƙarshen zangon karatu. Suna sauraron masana, suna tattaunawa, suna kuma fita su taka dajin da ke kusa da harabar, su san itatuwansa da rafukansa, abin da wasunsu ba su taɓa yi ba duk da shekarun da suka kwashe a wurin. Daga nan kowa ya tafi da manhajarsa ya gyara a lokacin dogon hutu, a sake haɗuwa ya nuna abin da ya canza. Ba a ce wa malami ga abin da zai koyar. Hikimar shirin ke nan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

A cikin aji

A darasin injiniyan gine-gine, ɗalibi yakan lissafa nauyin da ginshiƙi zai ɗauka da yawan simintin da zai ci. Malamin da ya gyara manhajarsa sai ya ce masa ya ƙara layi ɗaya a ƙasan lissafin: iskar kabon da aka fitar wajen sarrafa wannan siminti, tunda masana'antar siminti ce ke fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na wannan iska a duniya. Sau da yawa a nan ɗalibi ke fara tunanin ko ginshiƙin zai iya tsayawa da simintin da bai kai haka yawa ba. A ɗakin gwaje-gwajen kimiyyar sinadarai, ana amfani da ƙa'idoji 12 na sarrafa sinadarai ba tare da cutar da muhalli ba, da masana sinadarai Paul Anastas da John Warner suka fitar a 1998, waɗanda ta farkonsu ke cewa gara a hana dattin sinadari samuwa da a zo ana neman yadda za a kwashe shi. Wasu malaman kuma harabar jami'ar suke mayarwa fagen nazari: ɗalibai su auna sharar ɗakin cin abinci, ko su bi takardun kuɗin wutar ɗakunan kwanansu.

Cikas da muhawara

Manhaja a cike take, kuma hukumomin tantance kwasa-kwasai suna da nasu sharuɗɗa, don haka duk abin da zai shiga sai wani ya matsa. Ƙarin girma a jami'a ya fi rataya ga buga bincike, ba ga gyaran darasi ba. Akwai kuma malamin da ke tsoron yin magana kan abin da bai ƙware a kai ba, kuma tsoron nasa yana da dalili.

Ana muhawara kan ko kwas ɗaya na dole ya fi, ko a watsa batun cikin dukkan darussa. Kwas na dole yana kai wa ga kowa, amma ɗalibi kan iya cin jarrabawarsa ya manta da shi. Na cikin fanni ya fi zama a rai, sai dai ya dogara ga himmar malami. Jami'ar Kaliforniya da ke San Diego ta ɗauki hanya ta tsakiya tun daga 2024: wajibi ne sabon ɗalibi ya yi kwas da ya shafi sauyin yanayi, amma shi zai zaɓa daga jerin kwasa-kwasan da sassa daban-daban suka tsara.