Waiwaye: Shinkafa, Kuɗin Fito da Iyakokin Najeriya

Shinkafa ba ta zama abin rigima tsakanin gwamnati da 'yan kasuwa ba sai a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka malalo, naira ta yi ƙarfi, kuma sayen buhun shinkafa daga Amurka ko Tailan ya fi sauƙi a kan noma ta a fadamun Sakkwato da Haɗeja. A zamanin Shugaba Shehu Shagari, lasisin shigo da ita ya zama wata hanyar arziki ga masu uwa a gindin murhu, har aka kafa mata kwamiti na musamman ƙarƙashin Umaru Dikko. Da farashin fetur ya faɗi kuɗin waje suka yi ƙaranci, sai gwamnatin Janar Babangida ta haramta shigo da ita baki ɗaya a watan Oktoban 1985, kuma haramcin ya kai har 1995, shekarar da Najeriya ta shiga Hukumar Ciniki ta Duniya, inda aka maye gurbinsa da kuɗin fito na kashi 100 cikin ɗari, aka kuma rage shi zuwa kashi 50 a shekara mai bi.

A cikin waɗannan shekaru goma ne hanyar Kwatano ta bunƙasa. Jamhuriyar Benin ta gane cewa duk abin da Najeriya ta hana ko ta ɗora wa haraji mai nauyi riba ce a gare ta, saboda haka ta bar tasharta a buɗe da kuɗin fito mai sauƙi. Sai a sauke kaya a Kwatano da takardun da ke nuna cewa Nijar za a kai su, manyan motoci su bi ta Malanbil da Gaya su isa Ƙonni ko Maraɗi, a juye a cikin sito, sannan buhunan su tsallako gefen Illela ko Jibiya da daddare, biyu ko uku a bayan babur, ko a cikin ƙananan motocin da aka cire wa kujerun baya, ta hanyoyin daji da kowane yaro na yankin ya sani. Abin da ke tona asirin lamarin shi ne irin shinkafar: mutanen Benin sun fi cin fara, amma mafi yawan wadda ake saukewa a tasharsu turararriya ce, irin wadda 'yan Najeriya ke so.

A takarda kuwa, labarin daban yake. Tun 1979 ƙungiyar ECOWAS ta amince cewa amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu na ƙasashenta su riƙa ratsa iyakoki ba tare da kuɗin fito ba, a 1990 aka haɗa da kayan masana'antu, a watan Janairun 2015 kuma harajin bai-ɗaya kan kayan da ke zuwa daga wajen yankin ya fara aiki, mai hawa biyar, daga sifiri zuwa kashi 35. Da an bi wannan haraji da ya toshe giɓin da ke tsakanin tashar Legas da ta Kwatano, amma Najeriya ta ci gaba da ɗora nata ƙarin a kan shinkafa. A 2013, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, jimlar harajin ta kai kashi 110, kuma jiragen ruwa suka karkata akalarsu zuwa maƙwabta. Duk lokacin da tazarar farashi tsakanin Kwatano da kasuwar Singa ta Kano ta faɗaɗa, to ribar fasa-ƙwauri ta ishi mai kaya ya biya ɗan babur, ya sallami duk wanda ke tsaye a shinge, ya kuma koma gida da saura.

Gwamnatin Muhammadu Buhari ta tunkari matsalar ta fuska uku. A watan Yunin 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da kayayyaki 41, ciki har da shinkafa, samun dala a farashin gwamnati. A watan Nuwamba aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a Birnin Kebbi. A 2016 kuma hukumar kwastam ta hana shigo da shinkafa ta iyakokin tudu. Adalci ne a faɗi cewa an ga amfani, domin noman rani ya bunƙasa a Kebbi da Jigawa da Kano, injinan casa manya da ƙanana sun yawaita, shinkafa 'yar gida kuma ta rabu da tsakuwar da ta daɗe tana ɓata mata suna. Sai dai buhunta bai yi arhar da zai kori 'yar waje ba.

Mataki mafi tsauri ya zo a watan Agustan 2019, kuma lokacinsa abin lura ne: a ranar 7 ga Yuli, a birnin Yamai, Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka bayan ta ƙi yin haka a Kigali a 2018, amma ba a cika wata biyu ba ta rufe iyakokinta na tudu. Daga baya ma aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Rufewar ba ta bambance shinkafar Tailan da ragon Damagaram ko waken Maraɗi ba, alhali waɗannan kaya ne da yarjejeniyar ECOWAS ta halatta, don haka kasuwanni irin su Maigatari da Dawanau suka ji a jikinsu, farashin abinci kuma ya ci gaba da hawa. Dattawan Nijar sun taɓa ganin irin wannan, domin rufe iyakar da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta yi a 1984 ta haɗu da fari, har yunwar wannan shekara ta samu laƙabin El-Buhari a bakin jama'a. Sai a ranar 16 ga Disamban 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, Jibiya da Kamba kuwa suka jira har Afrilun 2022.

Daga nan al'amura suka juya da sauri. A watan Oktoban 2023 Babban Banki ya janye hanin dala, a Yulin 2024 kuma tsadar abinci ta sa gwamnatin Tinubu ta sanar da ɗage kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama cashewa ba, matakin da masu saye suka yi maraba da shi, manoma da masu injinan casa kuma suka yi kuka da shi. A ɗaya gefen iyakar, juyin mulkin Yulin 2023 ya jawo wa Nijar takunkumi da wata rufewar da ta kai har Maris ɗin 2024, kuma ko bayan nan hukumomin Yamai sun bar gadar Gaya, wadda ta haɗa Nijar da Benin, a rufe saboda saɓaninsu da Benin, abin da ya katse tsohuwar hanyar Kwatano zuwa Maraɗi. A watan Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsinta zuwa ko'ina ban da Mali da Burkina Faso, sannan a ranar 29 ga Janairun 2025 ta fice daga ECOWAS, ƙungiyar da dokokinta suka halatta cinikin gero da dabbobi tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano tun 1979.